Damin Dawar Da Na Ƙi Ɗauka

A shekarun da ake ta hayaniyar ƙuri'ar raba gardama, lokacin da ake tambayar mutanen Mubi ko Najeriya za su bi ko Kamaru, ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, mai farar riga da alƙalami a aljihu, mai ganin duk wanda bai shiga aji ba a cikin duhu yake. Na gama firamare, na iya Turancin da zai fitar da ni kunya, ina jin Barbarci da Fulatanci da ɗan abin da ba a rasa ba na harshen Gude. Wannan ne ya sama mini aiki a wani ofishin hukuma mai kula da ayyuka. Aikin bai wuce jan sarƙar awo a bayan safiyo, wato mai awon ƙasa, da kafa turaku ba, in an buƙaci tafinta kuma a kira ni, amma yadda nake tafiya a Sabon Layi sai ka rantse ni ne Razdan. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba. Yau na tsufa, idona ya yi rauni, kuma abin da zan ba ku labarinsa ya fi shekara hamsin yana cina a rai ban taɓa gaya wa 'ya'yana ba.

Mahaifina ɗan kasuwa ne, daga Borno ya zo da kanwa da busasshen kifi, ya ga Mubi ta karɓe shi ya zauna. Baƙo ba shi da gona, shi kuwa mutum ne da ba ya son cin hatsin awo. A kasuwa ya haɗu da wani manomi Bagude, Musulmi, mai gona a bakin mayo, wato rafi da Fulatanci, ta hanyar Gella, suka ƙulla abota irin wadda yanzu ba a yi. Gonar mutumin doguwa ce, ta tashi daga bakin ruwa har gindin dutse. Sai ya yanki ɓangaren fadama ya ba mahaifina aro. Ba takarda, ba sa hannu. Sharaɗin dai shi ne wanda kowa ya sani a wannan ƙasa: mai aro ba ya dasa itace, ba ya taɓa ɗorawar da ya tarar, sannan duk kaka zai ɗaure dami ɗaya na dawa, ya ɗora a kansa da rana tsaka, ya bi ta cikin unguwa ya kai ƙofar mai gona. Mahaifina yana da barori, yana da jakuna, amma ban taɓa ganin ya ɗora wa wani wannan damin ba. Da babbar rigarsa yake ɗauka, yana tafe yana gaisawa da mutane, ƙaiƙayi na zuba masa a wuya. Mun tashi muna kiran mai gonar Baba, shi kuma yana ce mini ɗan abokina.

Mahaifina ya rasu a shekarar da aka yi ƙuri'ar farko, don sau biyu aka yi ta, gona ta dawo hannuna. Ban daina noma ta ba, leburori nake sawa. Da kaka ta yi, mahaifiyata ta tuna mini da dami. Na ce mata to, amma a zuciyata na riga na yanke cewa ba za a ga ma'aikacin hukuma da dawa a ka yana ratsa unguwa kamar ɗan dako ba. Sai na sayi sukari da sabulu da yadi mai kyau, kayan da suka fi damin daraja nesa ba kusa ba, na ƙunshe su a jaka, na hau keke na kai wa Baba har cikin ɗakinsa. Ya karɓa, ya sa albarka, ya tambayi lafiyar mahaifiyata. Da zan tashi sai ya ce mini, da Hausarsa wadda ba ta raba mace da namiji, wai sukari yana da daɗi amma a cikin ɗaki yake narkewa, ba wanda ya gani, dami kuwa hanya yake bi. Na yi dariya, na ce a raina tsoho dai ba ya rabuwa da kwaɗayin abin da ya saba. Kaka ta biyu na sake kai sukari. Ta uku ma haka. Mahaifiyata ta yi faɗa har ta gaji, ta ce abin da ubana ya ɗauka da kansa ba zai karya mini wuya ba. Na ce mata zamani ya canza, yanzu takarda ake dubawa ba dami ba. Ban san bakina ne yake yanke mini hukunci ba.

Bayan ƙuri'a ta biyu muka zama 'yan Najeriya, aka mai da Mubi babban garin sabon lardi. Aka fara gina ofisoshi da gidajen ma'aikata, aka ce za a ja ruwa da bututu daga mayo zuwa gari. Murna ta cika ko'ina, don duk wanda ya san wahalar da mata suke sha da rani a kan ruwa ba zai ƙi wannan aiki ba. Ni ma da zuciya ɗaya na yi murna. Muka fita awo, ina gaba da sarƙa, safiyo yana baya da na'urarsa, sai ga layin ya miƙe ya faɗa cikin gonar Baba tun daga bakin ruwa. A wannan shekarar dawata ce kaɗai a tsaye a wurin. Ɓangaren sama, wanda Baba yake nomawa da kansa, ya bar shi saura don ƙasa ta huta, kamar yadda suke yi duk bayan 'yan shekaru, yana ɗan taɓa wata ƙaramar gona ta surukinsa a kan dutse kafin lokaci ya yi. Duk ɗan ƙasa da ya kalli wurin ya san gona ce, ga duwatsun da aka jera don tare ruwa, ga ciyawa da aka ƙuƙƙulle a kan iyaka. Safiyon kuwa baƙo ne, ya duba ya ga ciyawa ta kai ƙugu, ya rubuta daji. Ina tsaye na ga ya rubuta, sarƙa tana hannuna, na bar shi a haka muka ci gaba da awo.

Dokar da ake bi a lokacin, yadda shugaban ofishinmu ya bayyana mini, ita ce ƙasa duk a hannun hukuma take, in za a yi aikin amfanin jama'a ba mai hanawa. Abin da kawai mai gona yake da shi shi ne a san da shi, a rubuta shi, a nema masa wata gonar a madadin tasa. Shugaban ya tambayi wane ne mai dawar da ke tsaye, na ce ni ne. Fuskarsa ta washe. Ya ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, tunda ɗan gida ne mai gonar ba sai an sha wahalar neman musanya ba. Ya ce in na sa hannu cewa na bayar da wurin don ƙaunar sabuwar ƙasarmu, ba na neman komai, zai zama abin misali, manya za su ji sunana, kuma akwai kujerar akawu da ba kowa a kanta. Na tambaye shi faɗin wurin da za a ɗiba, ya ce taku uku ne ko huɗu, a binne bututu a rufe, a ci gaba da noma a kai. Na lissafa a raina cewa taku huɗu ba zai kashe kowa ba, in an gama sai in je in lallashi Baba. Na karanta takardar, don ba zan yi wa Allah ƙarya in ce ban karanta ba. An rubuta daga bakin mayo zuwa gindin dutse. Na ga wannan layin, na ce ai salon rubutun ofis ne kawai, na sa hannu.

Wata biyu ba su cika ba aka sauke sarƙa daga hannuna aka ba ni tebur. A wannan makon ne kuma motoci suka fara sauke kaya a gonar. Ashe ba bututu kaɗai ba ne. A fadama za a gina ɗakin injin tura ruwa, a gindin dutse a kafa tanki, tsakaninsu kuma hanyar mota da wurin ajiye ƙarafa. Aka zagaye wurin duka da waya mai ƙaya, aka sare ɗorawa biyu, aka kwashe duwatsun da kakannin Baba suka jera aka zuba a harsashin gini. Baba ya sauko daga dutse da sandarsa ya tarar da maigadi a bakin gonarsa yana tambayarsa abin da yake nema. Daga nan bai tsaya ko'ina ba sai ofishinmu. Na hango shi ta taga yana tahowa. Ya shigo ya yi sallama, bai ɗaga murya ba, ya ce ɗan abokina, ka ga abin da baƙi suka yi mana, tashi ka gaya musu da Turanci cewa gonar tana da mai ita. Suka yi mana ya ce, bai ce suka yi mini ba, don har lokacin bai san da hannuna a ciki ba. Shugaban ne ya ciro takardar ya nuna masa, ya sa ni na fassara masa abin da ni kaina na sa wa hannu. Baba ya saurara har ƙarshe, ya dube ni, ya ce a sake karanta masa wurin sunan. Na sake karantawa.

Jauro, wato mai unguwarsu, shi ya ba shi shawarar kai ƙara gaban alƙali. Kowa ya san ba za a tumɓuke injin hukuma saboda tsoho ɗaya ba, shi ma Baba ya sani. Abin da yake nema kawai a tabbatar shi ne mai gonar, don a ba shi wata a madadinta, ya samu inda zai bar wa 'ya'yansa. Kafin ranar zaman, shugaban ya kira ni ya rufe ƙofa. Bai yi mini barazana ba, da murmushi ya ce in har aka tabbatar gonar aro ce, to na yaudari hukuma da sa hannun ƙarya, kuma ya san ni yaro ne mai hankali, ba sai ya faɗa mini inda irin wannan take kai mutum ba. A gida mahaifiyata ta ce in je in faɗi gaskiya ko da za a ɗaure ni, ita za ta riƙa kai mini abinci. Na ce mata ba ta san yadda aikin hukuma yake ba. Ta ce ita dai ta san yadda kabari yake.

Ranar shari'a Baba ya zo da jauro da maƙwabta biyu. Duka suka ce sun san gonar tasa ce, sun sha ganin mahaifina da dami a ka. Alƙali ya tambaye su yaushe rabonsu da ganin damin. Suka dubi juna, suka ce tun rasuwar mahaifina, kaka uku ke nan. Ya tambaya ko sun san dalilin da aka daina, ko an sayar ne, ko an bayar kyauta. Suka ce Allah ne masani, su dai ba su ga dami ba, kuma a al'adarsu in dami ya tsaya mai gona bai yi magana a gaban mutane ba, to akwai abin da ya wuce tsakaninsu. Ba ƙarya suka yi ba. Baba ya ce ana kawo masa sukari da sabulu. Alƙali ya ce wa ya gani. Ba kowa. Ya ce me ya hana shi kai kuka wurin jauro tun shekarar farko. Baba ya ce yaron maraya ne, bai so ya kunyata shi ba, yana jira ya girma. Sai aka juyo kaina, aka ce aro ne ko gado. Na ce ni dai na tashi na ga mahaifina yana noma wurin, ya rasu ya bar mini, ban san wata magana bayan wannan ba. Muryata ko rawa ba ta yi ba, kuma wannan yana cikin abin da har yau nake jin tsoron kaina a kai.

Tunda shaidu ba su kammala ba, alƙali ya ce saura rantsuwa, in yi alwala in dafa Alƙur'ani. Na tashi na fita na yi alwalar. Wallahi da niyyar rantsewa na dawo, don na riga na yi nisa, ba na jin kira. An ɗauko Littafin ke nan sai Baba ya ɗaga hannu ya ce a dakata. Ya ce wa alƙali, Allah ya gafarta malam, a mayar da shi inda aka ɗauko. Ya ce ya ci abinci a ƙwarya ɗaya da uban yaron nan shekara talatin, ba zai tsaya yana kallo ɗan abokinsa ya ƙone kansa a kan turɓaya ba. Alƙali ya gargaɗe shi cewa in ya yafe rantsuwar, to ƙararsa ta faɗi, ba gona ba musanya. Jauro ya ja shi gefe yana yi masa magana da Fulatanci, yana cewa ya bari in rantse mana, in ya so Allah ya yi hukuncinsa. Baba ya ce ai abin da yake gudu ke nan. Ya ɗauki sandarsa ya fita. Ya bi ta gabana, rigarsa har ta taɓa gwiwata, bai dube ni ba.

Mutane suka ce na yi nasara. Mahaifiyata ta daina cin duk abin da aka saya da albashina, ta koma saƙa da sayar da ƙuli-ƙuli tana ci da kanta har ta rasu. Baba ya yi damina biyu yana fama da 'yar gonar surukinsa, wadda ba ta isa ciyar da gida ɗaya ba balle biyu. Daga nan ya kwashe iyalinsa ya haura duwatsu zuwa wurin danginsa, waɗanda ƙuri'a ta bar su a ɓangaren Kamaru. Mutumin da aka binne kakanninsa a bakin wannan mayo ya koma baƙo mai aron gona da tsufansa. Na sha cewa zan je. In rani ya yi in ce sai an samu hutu, in damina ta zo in ce hanya ba ta biyuwa. Ana cikin yaƙin basasa wani mai sayar da gyaɗa ya gaya mini a kasuwa cewa Baba ya kwana biyu da rasuwa. Ya faɗa ne a tsakiyar ciniki, ya ci gaba da awonsa.

Sai bayan mutuwarsa na sami ƙarfin halin da ba shi da sauran amfani. Na je wurin sabon shugaban ofis, don na farkon an daɗe da mai da shi wani gari, na faɗa masa komai, na ce a shirye nake a hukunta ni in dai za a ba 'ya'yan mamacin gona. Ya saurare ni da haƙuri, ya ce ƙasar da ta shiga hannun hukuma ba ta fitowa, shari'ar da aka yanke an yanke, mai ƙara kuma ya mutu, 'ya'yansa ma yanzu ba a san ko 'yan wace ƙasa ba ne. Ya ce in je in yi istigfari in kama bakina. Ko hukuncin da na je nema ban samu ba. Bayan 'yan shekaru injin ya lalace, aka ce wurin bai dace ba tun farko, aka koma jan ruwa daga wani gefen. Na ɗauka yanzu za a saki gonar. Sai aka yanka ta fuloti-fuloti aka raba wa ma'aikata da 'yan kasuwa, har aka tambaye ni ko ina so, tunda ni na bayar da ita. A shekarar na ajiye aiki na koma rumfar mahaifina a kasuwa.

Wata ranar kasuwa, yaƙi ya ƙare da 'yan shekaru, wani magidanci ya tsaya a bakin rumfata ya yi sallama. Kafin ya faɗi ko shi wane ne na gane shi, babban ɗan Baba ne, tafiyarsu ɗaya. Na tashi na ce duk abin da ya zo da shi na karɓa. Ya ce ba rigima ta kawo shi ba, mahaifinsu ya hana su tun kafin ya cika. Ya ce 'ya'yansa ne suke tambayarsa inda gonar kakansu take, shi kuma ya je ya ga gidaje ya rikice, ya tuna ni ne na ja sarƙa a wurin, ko zan taimaka in nuna masa iyaka, ya gani da idonsa ya je ya ba su labari. Na rufe rumfa muka tafi. Muka shiga lungu muka fita lungu, katanga ta tare mu nan, kwata ta tare mu can. Na nemi kututturen ɗorawa ban gani ba, na nemi jerin duwatsu ban ga ko ɗaya ba. Na tsaya a ƙofar wani gida na ce ina jin daga nan ne, sai na ga dutsen ba ta nan yake fuskanta ba, na ce a'a, mu ƙara gaba. Har la'asar muna yawo. A ƙarshe ya ce in bar shi haka, na gode, Allah ya huta gajiya. Na roƙe shi gafara a tsakiyar hanya, mutane suna wucewa. Ya ce shi ba shi da abin da zai yafe mini, wanda yake da hakkin yafewa yana bayan dutse a kwance.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne ina yawan ji a rediyo ana rigima a wasu sassan ƙasar nan kan bututun mai da ake bi da shi ta gonakin mutane, ana cewa amfanin jama'a ne. Ban san gaskiyar waɗannan rigingimu ba, amma na san hukuma ba ta san gonar kowa ba sai an nuna mata, kuma kusan kullum ɗan gida ne yake nunawa. Ku matasa masu ilimi da ake turawa gaba saboda kun san harshe kun san hanya, ku ji tsoron Allah a kan abin da kuke sa wa hannu, ku karanta, in kun ga abin da ba daidai ba ku faɗa tun sarƙa tana hannunku. Kada ku raina abin da iyayenku suke yi a bainar jama'a don kun ga babu takarda a ciki, sau da yawa shi ne kaɗai shaidar da talaka yake da ita. Masu gona kuma, kada kunya ta hana ku magana a gaban shaidu tun abu yana ƙarami. Ba na rubuta wannan don in sami sauƙi ba, na daina sa ran sauƙi. Na yi sadaka, na yi azumi, na je Makka na roƙa, amma malamai sun gaya mini hakkin wani ba ya faɗuwa sai an mayar ko mai shi ya yafe. Mai shi ya tafi ban je ba, abin da zan mayar kuma ko iyakarsa na kasa nunawa.